Yawon kwale-kwale da abincin titi a Bankok: a ina ɗan jagora yake da amfani?

"Assalamu alaikum. Ni da maigidana za mu je Bankok saro kaya a watan Disamba, kuma za mu tafi da mahaifiyarsa don a duba mata gwiwa a asibiti. Muna da kwana biyu da babu komai a gabanmu. Na ga ana tallar wani yawo da ake haɗa shiga kwale-kwale da zagayen cin abincin titi a rana guda, tare da ɗan jagora. Shin ya cancanci kuɗinsa, ko mu je da kanmu? Kuma abin da ya fi damuna: ta yaya za mu tsira daga naman alade?"

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba wa Hajiya Babba lafiya, ya kuma sa a saro a sa'a. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko ku biya kuɗin ɗan jagora, da kuma yadda za ku ci abinci hankali kwance. Na shafe shekaru ina raka 'yan kasuwa da masu jinya zuwa wannan birni, hedikwatar ƙasar Tailan, kuma abin da na gani shi ne tambayoyin nan biyu a ɗaure suke da juna. Ɗan jagora ya fi amfani a gaban tukunya fiye da a cikin jirgi. Kwale-kwale kuna iya ɗauka da kanku ba tare da wata wahala ba, amma romon da ke tafasa a bakin titi babu yadda za ku san abin da ke cikinsa sai da wanda ya ji yaren, ya kuma san dalilin tambayarku. Saboda haka shawarata ita ce ku raba abin gida biyu: ruwa da safe a rana guda, abinci da yamma a wata ranar, kuɗin jagora kuma ku zuba shi a ɓangaren abinci.

Me ake gani a kan ruwan?

Kogin Chao Phraya ne ya ratsa Bankok ya raba ta biyu. Ɓangaren yamma shi ake kira Thonburi, kuma can Sarki Taksin ya kafa fadarsa bayan da sojojin ƙasar Bama (Myanmar ta yau) suka rushe tsohuwar hedikwata Ayutthaya a 1767. A 1782 Sarki Rama na ɗaya ya tsallaka da fada zuwa gabashin kogin, inda take har yau. A wancan zamani ruwa ne titi. Gidaje suna fuskantar ruwa, kasuwa a kan ruwa take ci, kuma hanyoyin ruwan nan da suke kira khlong su ne suka haɗa unguwa da unguwa. Sai a shekarun 1860 aka shimfiɗa Charoen Krung, ɗaya daga cikin titunan zamani na farko a birnin. Daga nan aka yi ta cike khlong ana mayar da su kwalta, musamman a gabas. Thonburi ce ta riƙe nata da yawa, shi ya sa kusan duk yawon kwale-kwalen da ake talla can yake nufa.

Manyan hanyoyin biyu da za a bi da ku, Khlong Bangkok Yai da Khlong Bangkok Noi, asalinsu su ne kogin kansa. A ƙarni na 16 aka haƙa gajeriyar hanya don a yanke wani dogon lanƙwaso, ruwa ya bi sabuwar hanyar ya faɗaɗa ta har ta zama kogi, tsohon kogin kuma ya tsuke ya zama khlong. Ina son in gaya wa baƙi wannan kafin mu shiga jirgi, don shi ke bayyana dalilin da ya sa tsofaffin wuraren bauta da masallatai suke jere a bakin waɗannan hanyoyi.

Jirgin da ake shiga dogo ne siriri, da rumfa a sama da furanni a ɗaure a goshinsa. Suna kiransa ruea hang yao, wato jirgi mai doguwar jela, saboda injin mota ne aka ɗora a bayansa, da dogon ƙarfe mai farfela a ƙarshe wanda matuƙin ke juyawa da hannu. Yana da ƙara ƙwarai. Idan ya ɗauki gudu, na kusa da ke ma sai ya ɗaga murya kafin ki ji shi, balle ɗan jagoran da ke zaune can gaba. Wannan shi ne dalilina na farko na cewa kuɗin jagora a cikin jirgi rabinsa asara ne. Abin da za ku gani kuma ba ya buƙatar fassara: gidajen katako a kan dirkoki, tsohuwa tana wanke kwanuka a matakalar gidanta, shanya a baranda, guza kwance a kan siminti tana shan hantsi, tarwaɗa suna cincirindo a gaban wuraren bauta suna jiran burodin da ake jefa musu. Za ku bi ta gaban wurin bauta na Wat Paknam, inda aka gina wani gunkin Buda mai tsayin mita 69 da aka kammala a 2021, ana hango shi tun daga nesa ta saman rufin gidaje. Akwai kuma Baan Silapin a Khlong Bang Luang, tsohon gidan katako da aka mayar wurin masu zane, inda ake sauka a sha shayi a huta.

Abin da galibin masu shirya yawon ba sa tsayawa a kai, kuma ni nake ganin ya fi dacewa da ku, shi ne masallatan bakin Khlong Bangkok Yai. Masallacin Tonson yana kusa da inda hanyar ta haɗu da kogi, an kafa shi tun zamanin Ayutthaya, kuma shi ake ɗauka mafi tsufa a Bankok. A tsallaken ruwan akwai Masallacin Bang Luang, wanda aka gina da fasalin ginin mutanen Tailan, farin bango da koren rufi, in ba a gaya miki ba ba za ki ce masallaci ne ba. Na taɓa kai wani dattijo ɗan kasuwa can lokacin azahar. Da aka idar, ya daɗe zaune yana kallon mihrabin mai ado irin na gida, ya ce bai taɓa zaton akwai Musulmin da suka yi ɗaruruwan shekaru a wannan gari ba. Idan kun ɗauki jirgin da kanku, ku ne za ku ce wa matuƙi ya tsaya. Idan kuna cikin ayarin mutum goma sha biyu, tsarin da aka rubuta za a bi.

Yadda za ku ɗauki jirgin

Ku hau jirgin ƙasa na sama zuwa tashar Saphan Taksin, mashigar Sathorn tana nan ƙarƙashinta. Ana kuma samun jiragen haya a Tha Chang da Tha Tien, kusa da babbar fada. Kuɗin na jirgi ne gaba ɗaya a kan awa, ba na kowane mutum ba, sai dai in an haɗa ku da wasu. Ku yi ciniki kafin kowa ya taka jirgi, a rubuta muku adadin kuɗin da tsawon lokacin da wuraren tsayawa a takarda. Awa ɗaya ba ta isa. Akwai ƙofofin ruwa a bakin khlong waɗanda ake rufewa don kare unguwanni daga ambaliya, kuma wani lokaci sai jirgi ya shiga tsakanin ƙofa biyu ya jira a daidaita ruwa kafin a buɗe masa. Wannan jiran yana cin lokaci, a cikin awarku kuma ake lissafa shi. Awa biyu ta fi.

Ku fita da wuri, kamar ƙarfe takwas. Kun yi sa'ar lokaci, don daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne zafin garin ke sassautawa kuma ruwan sama ya ɗauke, amma duk da haka rana tana da ƙarfi daga sha ɗaya. Ku sa rigar kariyar da ke cikin jirgin ko ba a ce ku sa ba. Ruwan khlong ba mai tsabta ba ne, idan wani jirgi ya wuce ya fantsamo, ku kare fuska.

Maganar Hajiya Babba kuwa tana buƙatar tunani. Jirgin yana ƙasa-ƙasa, mashigar tana lilo a kan ruwa, kujerun kuma gajeru ne, gwiwa takan lanƙwashe sosai. Mai ciwon gwiwa shiga da fita ne ke ba ta wahala, ba tafiyar ba. Idan likita ya taɓa gwiwar kafin ranar, ko da allura ce, ku tambaye shi tukuna. In ya hana, akwai manyan jiragen fasinja da ke bin kogin kansa, masu faɗi, waɗanda ake shiga a tsaye. Ba sa shiga lunguna, amma za ta ga wurin bauta na Wat Arun da fada daga kan ruwa. Jirgin Khlong Saen Saep da ke bi ta Pratunam, inda za ku yi saro, kada ku saka ta a ciki ko kaɗan. Na 'yan zuwa aiki ne, ɗan tsayawa yake yi a kowace tasha, mutane na tsalle suna shiga. Ke da maigida kuna iya gwada shi don ku tsere wa cunkoson motoci, kuma yana da tarihi: a 1837 Sarki Rama na uku ya sa aka fara haƙa shi don kai sojoji da kayan yaƙi gabas, kuma har yau unguwannin Musulmi ne jere a gefensa, ciki har da Ban Krua, unguwar Musulmin Cham masu saƙar siliki.

Idan tallar da kika gani ta ambaci Damnoen Saduak, ki san ba a cikin Bankok take ba. Tana lardin Ratchaburi, kusan kilomita 100 daga birnin, rabin yininku a mota zai ƙare, kasuwar kuma yanzu ta 'yan yawon buɗe ido ce, tsaraba ta fi abinci yawa. Idan ranakunku sun faɗa Asabar ko Lahadi, Taling Chan da Khlong Lat Mayom suna nan cikin Thonburi, mutanen gari ma can suke zuwa.

Inda alade yake ɓuya

Yanzu ga babbar maganar. Naman da ake gani da ido ba shi ne matsala ba, don kowa zai iya kauce masa. Matsalar tana cikin romo da mai da haɗin da ba a gani. Mai sayar da taliya tukunyar romo guda gare shi, galibi da ƙashin alade aka dafa ta tun asuba. Ki ce masa kaza kike so, zai yanka miki kaza da zuciya ɗaya, ya ɗora a kan taliya, ya kwarara wannan romon. A wurinsa ya cika miki buƙata. Ƙwallon kifi ko na jatan lande akan cakuɗa shi da niƙaƙƙen alade ko kitsensa. Wasu masu suya da kitsen alade suke soya ƙwai da kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo), wasu kuma suna barbaɗa soyayyen kitsen a saman abinci kamar yadda muke barbaɗa yaji. Kasko ɗaya ake soya komai, a ɗauraye shi da ludayin ruwa a ci gaba.

Akwai abinci biyu da nake gargaɗin kowa a kansu da suna. Na farko mu ping. Da safe za ki ga ana gasa shi a tsinke a kan gawayi, launinsa da ƙamshinsa sak tsire, ana sayar da shi da ƙullin shinkafa mai danƙo. Alade ne tsantsa, kalmar mu ma ita ce alade a yarensu. Na biyu kuai tiao ruea, taliyar jirgi, wadda ta samo sunanta daga masu sayar da ita a cikin kwale-kwale, shi ya sa masu yawon khlong suke son kai baƙi su ci. Romonta baƙi ne mai kauri, kuma da jini ake kaurara shi, na alade ko na saniya. Ko da naman sa ne a ciki, jinin yana nan.

Na koyi wannan darasi ne a hannun wani kamfanin yawo da na taɓa yarda da shi a farkon fara aikina. Na shaida musu a rubuce cewa baƙina Musulmi ne, suka amsa babu damuwa. Yarinyar da suka turo mana mai ladabi ce, a kowace rumfa tana cewa a ba mu kaza. A rumfa ta uku na leƙa tukunyar da ake ɗibar romo, na ga ƙasusuwan da ba na kaza ba ne. Da na tambaya, mai abincin ya amsa ba tare da ɓoye komai ba. Yarinyar ba ta yi nufin cuta ba, iyakar fahimtarta ke nan: a cire yankan naman, shi ke nan. Amma mutum shida sun riga sun ci, kuma ni na kai su. Tun daga ranar nake yi wa kowane ɗan jagora tambaya guda kafin in biya ko sisi: da me aka dafa romon, da wane mai aka yi suyar? Wanda ya san abin da nake nufi nan take zai fara lissafa rumfunan da zai tsallake. Wanda ya ce "babu matsala, akwai kaza" kuwa, ba na tafiya da shi.

Saboda haka ku nemi ɗan jagora Musulmi ɗan ƙasar, ko yawon da aka tsara shi a kan halal tun daga tushe, ba wanda za a gyara muku a hanya ba. A dokar Tailan aikin jagorar 'yan yawon buɗe ido na 'yan ƙasa ne kaɗai, kuma sai da lasisi, za ku ga katin rataye a wuyansa. Ni kaina rakiya nake yi, jagorancin nasu ne. Ku nemi na ku kaɗai maimakon ayari, don Hajiya Babba ta yi tafiya daidai ƙarfinta, kuma ku tambayi nisan da za a taka a ƙafa.

Ina za a kai ku?

Yawancin zagayen abincin dare Yaowarat ake zuwa, unguwar 'yan Sin. Wurin yana da kyan gani da daddare, fitilu da hayaƙi da wutar kasko tana tashi, amma a nan alade yana da yawa ƙwarai. Ku je ku gani, ku sha ruwan rumman, ku ci 'ya'yan itace, amma kada ku sa ran ƙoshi. Ku kuma lura cewa ranar Litinin yawancin masu abincin titi ba sa fitowa, ranar sharar tituna ce.

Inda nake kai mutanena shi ne Bang Rak, a kan titin Charoen Krung, kewayen Masallacin Haroon, musamman ranar Juma'a bayan an sauko. Sai kuma lungu na 7 a titin Phetchaburi, wajen Masallacin Darul Aman, wanda ba shi da nisa da Pratunam, da yankin Ramkhamhaeng inda Musulmi suke da yawa. A waɗannan wurare za ku sami khao mok kai, shinkafa rawaya da aka dafa da kaza da kayan ƙamshi, ana haɗa ta da wata koriyar miya mai tsami da zaƙi. Akwai farfesun jelar sa mai yaji da lemun tsami, wanda ban taɓa ganin Bahaushen da ya ƙi shi ba. Akwai miyar massaman ta madarar kwakwa da gyaɗa da dankali, da satay, wato tsirensu, na kaza ko sa da miyar gyaɗa, da roti mataba mai nama a ciki. Ki tsaya ki kalli mai roti: yana murza ƙullin a kan faranti mai mai, ya ɗaga ya maka, ya sake makawa har ya yi siriri ana ganin hannunsa ta ciki, ya shimfiɗa a kasko, ya yanka ayaba, ya naɗe kusurwa huɗu, ya tsiyaya madara. Duka bai fi minti uku ba.

Alamar da za ku nema a rumfa ita ce jinjirin wata da tauraro, ko kalmar halal da Larabci, sau da yawa a kan koren allo, mai abincin kuma da hijabi ko hula. A kayan kanti akwai tambarin Majalisar Musulunci ta ƙasar, ita ke ba da shaidar halal, Jami'ar Chulalongkorn kuma tana da cibiyar kimiyya ta musamman da ke gwajin kayan. Idan kun matsu babu rumfar Musulmi a kusa, ku nemi tuta rawaya mai jan rubutu, alamar abincin jay ce, wanda babu nama ko kifi ko ƙwai a cikinsa, awara da ganye ne. Shinkafa mai danƙo da mangwaro da madarar kwakwa ita ma babu abin tsoro a cikinta. Lungun Larabawa da ke Nana, wanda 'yan kasuwarmu suka sani, yana nan idan an gaji da baƙon ɗanɗano, amma abincin Larabawa ne, ba shi kuka fito nema ba.

Kifi da jatan lande da ƙaguwa, a mazhabarmu ta Malikiyya duk halal ne, haka ruwan kifin nam pla da ke cikin kusan kowane girki nasu. Abin dubawa kaskon da man ne. Batun kazar da ba a san wanda ya yanka ta ba, wannan na malamai ne, ni ba mai fatawa ba ne. Abin da nake yi a aikace shi ne ba na ba wa baƙona nama sai a hannun Musulmi.

Ki riƙe kalmomi kaɗan. Mai kin mu, ba na cin alade. Kai kaza ce, nuea naman sa, pla kifi, kung jatan lande. Mai phet, kada a sa yaji, kuma za ki buƙace ta saboda Hajiya Babba, don barkononsu ƙanana ne amma suna da zafi ƙwarai. Yarensu na karin sauti ne, in kin karkata murya ma'ana ta sauya, don haka ki sa ma'aikacin otal ya rubuta miki a waya da rubutunsu: ba ma cin alade, ko kitsensa, ko romonsa, ko jini. Ki riƙa nunawa.

Don lafiyar ciki, ku ci inda layi yake da tsawo kuma ake girkawa a gabanku. Kwaɗon ɗanyar gwanda da suke kira som tam yana da daɗi, amma akan sa masa tsimammen kifi ko ɗanyar ƙaguwa mai gishiri, wanda cikin baƙo ba ya ɗauka, sai ku ce a bar su. Mai shirin ganin likita ma gara ta haƙura da duk wani ɗanye. Ruwa na gora kawai.

Abu na ƙarshe, a bakin fada da mashigai za ku gamu da masu tuk-tuk, irin a-daidaita-sahunmu, ko wani mai tsabtar shiga da zai ce muku wurin da za ku a rufe yake yau, ya kawo tayin zagaye mai arha. Ƙarshen zagayen shagon duwatsun ado ne ko na tela, inda ake ba shi kamasho. Ku gode masa ku wuce, ku je ƙofar ku gani da idonku.

Da ni ne zan tsara muku, ranar farko Thonburi da safe, awa biyu a ruwa, a tsaya a Tonson, a koma masauki kafin rana ta take Hajiya Babba ta miƙe ƙafa. Rana ta biyu a huta har la'asar, sannan ɗan jagora ya zo ya ɗauke ku zuwa Bang Rak. Farashi yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka ku tambayi otal ɗinku abin da ake biyan jirgi a makon da kuka sauka kafin ku je ciniki. Ku riƙe ƙananan takardun baht, kuɗin ƙasar, masu rumfa ba sa samun canjin dubu. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida Alhaji.